Nasiha Ga 'Ya'yana A Kan Ci Da Sha

 Ya ɗana, ya 'yata, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari wanda, saboda kusancinsa da mu da kuma yawan maimaituwarsa safe da rana da dare, mutane suka daina ɗaukarsa a bakin kome, alhali kuwa a cikinsa ake ƙulla lafiyar ɗan Adam ko a warware ta tun shekaru ashirin kafin shi kansa ya farga. Watau al'amarin abin da kuke ci da abin da kuke sha.

Mu da muka tashi a zamanin da agana da ƙyanda da sanƙarau suke shiga gari su yi ɓarna, mun saba da cutar da ba ta ɓuya: jiki ya yi zafi, ƙuraje su feso, unguwa duka ta sani, a tashi neman magani. Alhamdu lillahi, allurar rigakafi ta kawar da agana daga doron ƙasa, har aka yi shelar ƙarewarta a 1980, sauran kuma an rage musu ƙarfi ƙwarai. Amma cututtukan da suke ɗauke mana magidanta a yau, suna barin marayu ƙanana da matan da ba su kai arba'in ba cikin takaba, nasu halin dabam ne. Hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da lalacewar ƙoda, dukansu sukan yi shekara da shekaru suna aiki a ɓoye, mutum yana ci yana sha yana fita kasuwa, ana ce masa ya yi kyau ya murje, sai wata rana a ji ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ko a sahun salla, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Nan da nan sai a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, a shiga zargin kishiya ko abokin ciniki, ba wanda zai waiwayi akushin da ya yi shekara talatin yana ci a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani, waɗanda waɗannan ke cikinsu, suna kashe mutum fiye da miliyan 40 kowace shekara, watau kusan kashi uku cikin huɗu na dukan mace-macen duniya, mafi yawansu kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin hali irin namu.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, walima guda ba ta jawo wa mutum ciwon sukari, kuma naman Layya na kwana uku ba ya toshe jijiya. Abin da ke yin wannan aiki shi ne al'adar kullum, wadda mutum ya ɗora kansa a kanta tun yana ɗan shekara goma sha biyar, ya kuma ci gaba da ita ba tare da ya taɓa tambayar kansa ba, gama da yayyafi kogi kan cika. Likitoci sun tabbatar da cewa kitsen da ke toshe jijiyoyin jinin dattijo yakan soma kwanciya a cikinsu tun yana matashi. Saboda haka ne na ga ku ya fi cancanta in yi wa magana, ku da har yanzu alƙalami yake hannunku.

Ku dubi yinin saurayi guda a Kano ko Kaduna ko Damagaram. Da safe ya zauna kan benci gaban mai shayi ya ce a yi masa haɗin kauri, mai shayi ya kamfato sukari da babban cokali sau uku ko huɗu, ya tsiyaya madarar gwangwani, ya yi ta sheƙawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, a yanko masa rabin biredi a shafe da bota. Da rana farar shinkafa ce da mai da yaji, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da la'asar fanke ko soyayyen dankali a cikin takarda, mai yana ɗiga. Bayan lisha kuma ya koma wurin mai shayin nan a dafa masa taliyar leda biyu, a juye garin ɗanɗanonta duka, a soya ƙwai a ɗora. To, a cikin wannan yini ganye nawa ya shiga cikinsa, kuma taku nawa ya yi da ƙafarsa, shi da babur ke ɗaukarsa daga ƙofar gida ya sauke shi a ƙofar shago? Kakansa kuwa da kunun gero ko ɗumamen tuwon dawa yake karyawa, da rana ya dama fura da nono, da dare ya ci tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da aka kaɗa da daddawa, ga kwaɗon rama da zogale, ga kanya da magarya da ɗinya da goruba gwargwadon lokacinsu, zaƙi kuwa sai ranar kasuwa in an sawo mazarƙwaila. Sa'an nan ya yini a sunkuye yana noma, ya dawo gida a ƙasa. Ban ce zamanin da ya fi na yanzu daɗi ba, domin mun ga yunwa, mun ga mutuwar jarirai, mun ga mata suna rasuwa a kan gwiwa, kuma ba mai hankalin da zai yi fatan komawa can. Abin da nake cewa shi ne, a cikin talaucin nan akwai wata kariya da ba mu san darajarta ba, muka yar da ita muna zaton ci gaba muka yi.

Ga yadda abin yake a cikin jiki. Duk abin da aka yi da hatsi ko rogo ko dankali, idan ya narke a cikin hanji, sukari yake zama ya shiga jini, daga nan ne gaɓoɓi suke samun ƙarfin aiki. Allah cikin hikimarsa ya halicci wata 'yar gaɓa a bayan tumbi mai fitar da wani ruwa da likitoci ke kira insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin nan daga jini zuwa cikin tsoka da hanta. Ƙwayar hatsi kuwa an halicce ta da dusarta, kuma dusar nan, tare da zare-zaren da ke cikin ganye da wake, ita ke hana abinci narkewa da gaggawa. Farin gari da farar shinkafa da sukari wutar kara ne, su ci bal-bal nan take su mutu, su bar ka da yunwa kafin azahar; tuwon dawa da wake da ganye kuwa garwashin ƙirya ne, suna ci a hankali har yamma. Idan mutum ya yi shekaru yana antaya wa jininsa sukari sau huɗu sau biyar a yini, ga kitse ya taru a ciki da hanta, ga tsokar da za ta ƙone shi tana zaune, sai jiki ya soma ƙin jin insulin ɗin, gaɓar nan ta yi ta ƙara fitar da shi har ta gaji ta gaza, sukari ya tsaya a cikin jini. Wannan shi ne nau'in ciwon sukari da ya fi yawa, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Akwai wani nau'in da yakan kama yara, wanda abinci ba shi ne sababinsa ba, kuma zalunci ne a zargi iyayen yaron da ya same shi. Su waɗannan insulin da aka gano a birnin Toronto na Kanada a 1921 shi ne ya zama sanadin rayuwarsu.

Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa mutanen karkara masu cin hatsi da dusarsa da wake da ganye ba safai suke zuwa masa da cutar daji ta hanji da wasu cututtukan ciki da suka addabi Turawa ba, ya kuma shafe shekarun 1970 yana jan hankalin mutanen Ingila su koma ga irin abincin da mu muke gudu. Saboda haka, 'yata, idan za ki kai dawa ko gero inji, kada ki ce a surfe shi har ya yi fari fat. Abin da kike bai wa awaki a cikin dusar nan, jikin mijinki da na 'ya'yanki suna bukatarsa.

Ciwon sukari tsohon ciwo ne, har Ibn Sina ya siffanta shi a cikin littafinsa na ɗibbu kimanin shekara dubu da ta wuce. Sabon abu shi ne yawansa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa masu shi sun tashi daga miliyan 108 a 1980 zuwa miliyan 422 a 2014. Wanda bai zauna da mai wannan ciwo ba yakan zaci barin shan zaƙi ne kawai wahalarsa. Ku shiga ɗakin marasa lafiya a kowane babban asibiti ku gani: ga magidanci da ɗan ƙaramin miki ya fito masa a yatsa, ƙila ƙaya ya taka bai ji ba saboda jijiyoyin ƙafar sun mutu, mikin ya ƙi warkewa ya yi ta ci har aka yanke ƙafar, ga malamin da ya haddace Alƙur'ani, ido ya dushe, ba ya iya duba allo, ga wanda ake yi wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, an sayar da gona, an sayar da gida, 'ya'ya sun bar makaranta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Game da sukari masana sun sa iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi, watau cokalin shayi goma sha biyu, in ya tsaya a shida kuwa ya fi alheri. Kwalbar lemo guda yawanci tana ɗauke da cokali takwas ko tara, kuma da yake ruwa ne, yana wucewa ba ya ƙosarwa, mutum ya sha ya kuma ci abincinsa cikakke a kai. Gwamnatin Nijeriya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. Amma kada ku zaci kwalba ce kaɗai mai laifi. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda, har furar da kakanninmu suke sha da tsaminta, yanzu duk an cika su da sukari har harshe ba ya jin ɗanɗanon gero. Zuma ma, wadda ba mai musun albarkarta da waraka da ke cikinta, tana ɗaga sukarin jini, kuma na ga masu ciwon da suka bar sukari suka koma shan zuma da ludayi suna zaton sun tsira. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, zuma ga zaƙi ga harbi, kowane magani kuwa yana da gwargwado.

Sau da yawa nakan ji matashi ya ce, “Ai mu a gidanmu ciwon sukari gado ne, ko na kiyaye ko ban kiyaye ba zai zo.” Gaskiya ne gado yana da tasiri, amma ku ji labarin wata ƙabila ta mutanen asalin Amurka da ake kira Pima. Wani reshe nasu yana zaune a jihar Arizona a bakin kogin Gila, manoma ne masu ban ruwa tun kaka da kakanni, suna noman masara da wake da kabewa. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙin da suka zauna a saman kogin suka karkatar da ruwan, gonaki suka bushe, yunwa ta shigo, mutanen suka koma dogaro da farin gari da sukari da kitse, daga baya kuma abincin kanti da zaman mota suka zama rayuwarsu. Ɗaya reshen yana can cikin duwatsun ƙasar Meziko, suna noma da hannu, suna cin abin da suka shuka. Da masu bincike suka gwada su, sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna ciwon sukari ya kama kashi 38 cikin 100 na manyan Pima na Arizona, na Meziko kuwa bai kai kashi 7 ba. Jini ɗaya, asali ɗaya, abin da ya raba su shi ne akushi da aikin jiki. Don haka wanda ya san mahaifinsa ko mahaifiyarsa na da ciwon, shi ya fi kowa wajabcin kiyayewa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, balle gemun mahaifi.

Gishiri kuwa, a ganina, ya fi sukari yi mana ɓarna a ɓoye, domin kowa ya san zaƙi idan ya ji shi, amma gishiri yakan ɓace a cikin miya. Idan ya yi yawa a jiki yakan riƙe ruwa, jini ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, jijiyoyi su yi tauri, har wata rana ɗaya daga cikin na ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe. An kuma lura cewa mu baƙar fata gishiri ya fi saurin ɗaga mana jini. Iyakar da aka sa ita ce ƙasa da giram 5 a yini, watau cokalin shayi guda, a haɗe da duk wanda ke cikin biredi da miya da yajin tsire, alhali yawancin mutanen duniya suna cin ninkin haka. Dunƙulen da ake jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, amma sai ka ga uwargida ta murmushe biyar ko shida a tukunya guda, ta kuma barbaɗa gishiri, sa'an nan maigida ya zo ya ƙara yaji mai dunƙule a kan tuwonsa. Iyayenmu da daddawa da albasa da citta da kanumfari da busasshen kifi suke fitar da ɗanɗanon miya, har maƙwabta su ji ƙamshi. 'Yata, ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ba tare da kin yi shela ba. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni, har abin da ake ci da ya koma yi wa mutanen gidan ɗaci.

A nan tilas in faɗa muku cewa ba duk abin da muka gada ne lafiyayye ba. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri yana cikinta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, suka kuma danganta hakan da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego har kwana arba'in, tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Iyaye da ƙauna suke yin haka, suna neman wa 'yarsu ƙarfi da ruwan nono, amma kyakkyawar niyya ba ta sauya ɗabi'ar kanwa. In lokacinki ya zo, ki roƙi uwarki da ladabi a sassauta, in kuma an taɓa ce miki jininki ya hau da ciki, to, ki bar ta gaba ɗaya.

Maganar mai gajeriya ce: man gyaɗa da manja da man shanu duk abinci ne, illarsu tana cikin yawa, da kuma man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi. Abin da za a iya dafawa ko gasawa, ba lalle sai an tsoma shi a kasko ba.

Akwai kuma wani kuskure da ya zauna a zukatanmu, wanda ya samo asali daga zamanin yunwa, cewa tumbi alamar arziki ne, ƙiba kuma shaidar miji yana kula da matarsa. Saurayi ya samu aiki, shekara biyu ciki ya turo riga, abokai suna yi masa kirari da Alhaji, alhali kitsen ciki shi ne mafi haɗari a cikin kitse duka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yan mata da amare masu shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da aka yi domin wasu cututtuka dabam. Suna kumbura fuska da ciki, suna ɗaga sukari da jini, suna raunana ƙashi, kuma wadda ta daɗe tana sha ba ta bari farat ɗaya sai da taimakon likita. 'Yata, kyan da za a saya da ƙoda ya yi tsada. Ga ma'auni mai sauƙi wanda ba ya bukatar kuɗi: ka ɗauki igiya ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninke ta gida biyu, ka zagaya ta a cikinka wajen cibiya, in ba ta haɗu ba, lokacin gyara ya yi.

Duk wannan kuwa addininmu ya riga likitocin zamani faɗarsa. A cikin Suratul A'araf, ayar da ta halatta ci da sha ita ce ta hana israfi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib ya koyar da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Malaman usulu kuma sun lissafa kiyaye rai a cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kuma shugabanninmu irin su Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba su ga ƙasƙanci ba a wallafa littattafai a kan ɗibbu. Jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Abin baƙin ciki, watan Ramalana da ya kamata ya zama makarantar ƙana'a shi muka mayar watan soye-soye, ana kiran magariba a jere ƙosai da soyayyar doya da dankali da fanke da lemo kala uku, a ci har tsayuwar asham ta gagara, wasu ma su fita daga watan sun fi yadda suka shiga nauyi. Dabino kaɗan da ruwa da kunu marar sukari da yawa sun isa buɗa baki, abinci ya biyo bayan salla cikin natsuwa. Mai ciwon sukari kuwa ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi, domin Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, karɓar rangwamen kuma ɗa'a ce.

Na san wani zai ce, “Baba, wannan magana ta masu hali ce, mu abin da muka samu shi muke ci.” Ban raina wannan uzuri ba, na san tsadar rayuwa, na kuma san ɗalibi da ɗan ƙwadago ba su da murhu balle lokacin tuƙa tuwo. Amma ku yi lissafi da adalci: kuɗin lemon kwalba guda zai sayi yalo ko goba ko yankan kankana, kuɗin taliyar leda biyu da ƙwai zai sayi ɗan wake ko dambun zogale ko shinkafa da wake da ganye a kai. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da gurjiya da alayyafo da yakuwa da lalo duk abincin talaka ne, zogale kuwa a bayan ɗaki yake tsirowa. Masana sun ce a nemi kimanin giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. A aikace ma'anarsa ita ce miya da ganye su yawaita, malmalar tuwo ko tulin shinkafa su ragu, ruwa ya zama shi ne abin sha na kullum. Ba kuwa ina cewa ku haramta wa kanku abin da Allah ya halatta ba. Ku ci naman salla, ku sha lemo ranar biki, amma abin ranar biki ya tsaya a ranar biki. Ku kuma tausaya wa ƙananan yara, kada a yaye su da alewa da biskit da lemo, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshen da aka saba wa zaƙi tun yana shekara biyu da wuya ya yarda da kunun tsamiya yana shekara ashirin.

Kada tsawon wannan gargaɗi ya karya muku zuciya, gama jiki yana karɓar gyara da sauri fiye da yadda ake zato. A Amurka an yi gwaji da mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarinsu ya soma hawa amma bai zama ciwo ba, aka buga sakamakon a 2002: waɗanda aka ɗora a kan gyara abinci, da rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka bai wa ƙwayar magani. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne a kwana biyar, tafiya masallacin Juma'a da kasuwa da gidan zumunci a ƙasa ta kusa cika shi. A lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan, inda a lokacin ciwon zuciya yake kashe magidanta fiye da kusan ko'ina a duniya, an soma wani shiri a 1972 na rage man shanu da gishiri da taba da ƙara ganye, aka shiga gidaje da makarantu da ƙungiyoyin mata, cikin kimanin shekara arba'in mutuwar maza masu ƙarfin aiki ta dalilin wannan ciwo ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Mutane ne kamarmu, masu son abin da suka saba da shi, amma da suka ga gawarwakin 'yan'uwansu sun yi yawa sai suka sauya tukunya.

Rai da ajali a hannun Allah suke, ba mai ja da wannan. Amma Wanda ya ƙaddara ajali shi ne ya umurce mu da riƙon sababi, kuma tawakkali ba ya inganta sai bayan an ɗaure raƙumi. Wanda aka riga aka ɗora shi a kan maganin hawan jini ko na sukari, kada ya bari don ya ji sauƙi, kada kuma ya musanya shi da jiƙon masu lasifika a bakin kasuwa da ke alkawarin warkarwa cikin mako guda. Gyaran abinci abokin magani ne, likita ne kaɗai zai ce a rage ko a daina. Ku kuwa da kuke jin kanku garau, ku sani kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, domin sau da yawa ba ya sa ko ciwon kai. Awon jini ba ya cin minti biyar, in ya kai 140 bisa 90 ya kuma maimaita haka a wata rana, to, a ga likita. Sukari kuma ana auna shi da ɗigon jini daga yatsa kafin a karya, in ya kai 126 a nemi tabbaci a asibiti. Ina roƙonku, ɗana da 'yata, kada makon nan ya fita ba ku je asibitin da ke kusa da ku an auna ku ba, ku kuma lallashi dattawan gidanku ku tafi tare da su.